Shekara uku da aure ba ciki: ta ina za a fara bincike?

"Assalamu alaikum Likita, barkanku da aiki. Ni ƴar shekara 23 ce, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Shekarata uku da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata tana zuwa duk kwana 30 zuwa 32, tana yin kwana biyar, da ɗan ciwon mara. Maigidana ɗan kasuwa ne, rabin wata yana kan hanyar Kano ko Kwatano. Ina da abokiyar zama, ta haifa mishi ɗa guda, yanzu shekarar yaron takwas, tun daga nan ita ma shiru. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Yanzu surukata ta ce gishiri gare ni, a kai ni wurin wanzami. Shi kuwa maigida ya ce lafiyarshi ƙalau tunda ya taɓa haihuwa. Don Allah ku gaya mini, matsalar daga gare ni take? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki ladan haƙuri. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko cikas ɗin a jikinki yake, ko maganar gishiri tana da tushe, da kuma inda za ki sa ƙafa ki fara. Kafin komai ina roƙonki abu guda: kada ki yarda a kai ki wurin wanzami. Zan ba ki dalili a gaba, amma na sa shi a farko don kada a riga ni. Sannan ki sani daga wasiƙa ba zan iya yanke miki hukunci ba, tunda ban duba ki ba, ban ga maigidan ba. Sai dai abin da kika rubuta ya ishe ni in nuna miki inda hankalina ya fi karkata, kuma ba inda mutanen gidanku ke kallo ba ne.

A wurinmu ma'aikatan lafiya, ana cewa ma'aurata suna da matsalar haihuwa idan suka yi wata 12 suna kwanciyar aure a kai a kai, ba tare da maganin tazara ba, kuma ciki bai shiga ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ke nan. A rahoton da ta fitar a 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana gamuwa da wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Ko lafiyayyun ma'aurata masu ƙuruciya, damar samun ciki a wata guda ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba; a cikin shekara ɗaya ne sama da kashi 80 ke samu. Ke kin yi shekara uku, saboda haka lokacin bincike ya yi, har ya ɗan gota.

Na san nauyin abin a garin nan daban yake. Ƙidayar lafiyar iyali ta 2012 ta nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. Inda kowane mako akwai suna a unguwa, wadda ba ta haihu ba takan ji kamar duk idon mata a kanta yake, ko ba a ce da ita komai ba. Ballantana in gori ya shigo. Ina ganin irinki a ɗakin duba marasa lafiya, da leda cike da takardun magani da ƙulle-ƙullen gari, kusan kullum su kaɗai, ba miji.

Abin da jikinki ke yi kowane wata

A gefe biyu na mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tsawonta kamar santimita 3 zuwa 4. Ana haihuwar ɗiya mace da ƙwanta gaba ɗaya, miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma waɗanda za su nuna har su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Umarnin aikin daga ƙwaƙwalwa yake saukowa. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta yana sako homon, wato sinadarin da ke bin jini da saƙo zuwa wata gaɓa, mai suna FSH, wanda ke sa ƙwai su fara girma. Ƙwan da ya fi sauran girma yana fitar da homon ɗin mata, shi ke sa bangon cikin mahaifa ya yi kauri. Da ya kai matuƙa sai wani homon, LH, ya taso da ƙarfi, bayan kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ƙwan ya fashe ya fito. Bakin bututun ƙwai ya cafe shi. Wannan bututu siriri ne ƙwarai, tsawonsa kamar santimita 10, kuma a cikinsa ne ƙwai da ƙwayar maniyyi ke haɗuwa, ba a cikin mahaifa ba. In sun haɗu, ɗan tayin yakan gangaro cikin ƴan kwanaki ya manne a bangon mahaifa wajen kwana 6 zuwa 10 bayan fitar ƙwan. In ba su haɗu ba, bayan kamar mako biyu bangon ya saki, shi ne jinin al'ada.

Albishir ɗin da ke cikin wasiƙarki shi ne al'adarki tana zuwa a kan tsari. Macen da jininta ke zuwa tsakanin kwana 21 da 35 ba tare da tsallake ba, galibi tana fitar da ƙwai. Waɗanda ba sa fitarwa yadda ya kamata su ne masu yin wata biyu ko uku ba su gani ba, wasu da gashi a haɓa da ƙuraje da ƙiba, wasu da ruwan nono alhali ba goyo, wasu da matsalar maƙoƙo. Ba ki ambaci ko ɗaya ba, don haka ba zan daɗe a nan ba.

Lissafin kwanaki da tafiyar maigida

Ƙwan mace in ya fito, awa 12 zuwa 24 kawai yake yi da rai. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya jira a jikin mace har kwana 5, in sun samu ruwan da ya dace da su. Saboda haka kwanakin da ciki ke iya shiga a wata shida ne kacal: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Duk sauran watan, komai yawan kwanciya, ƙofa a rufe take.

Mata da yawa sun ɗauka da an yi wankan tsarki shi ke nan lokaci ya yi. Wasu kuma sun ji an ce rana ta 14, sun riƙe. Rana ta 14 ta mai zagayen kwana 28 ce. Ƙa'idar ita ce ƙwai yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Ke mai kwana 30 zuwa 32, naki zai fita tsakanin rana ta 16 da ta 18, in kin fara ƙirga daga ranar farko da kika ga jini. Kwanakinki masu muhimmanci su ne daga rana ta 11 zuwa ta 18. Jikinki ma yana ba ki alama: a kwanakin nan za ki ga ruwa fari tas, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda in kin taɓa da yatsu biyu yakan miƙe bai tsinke ba. Bakin mahaifa ne ke fitar da shi don ya zama hanya ga maniyyi. Lafiya ce. Ina nanata wannan don mata da yawa suna ganinsa su ce sanyi ne, su nemi abin da zai busar da shi.

To yanzu ɗora wannan a kan gidanku. Maigida rabin wata ba ya nan. Rabin da yake nan, kwana a rabe yake tsakaninki da uwargida. In girki bibbiyu kuke yi, daga cikin kwana goma sha biyar naki bakwai ne ko takwas, kuma babu tabbacin sun faɗo cikin kwanakin nan. Wata zai iya wucewa, wani ya biyo, ba a dace ba ko sau ɗaya. Na sha ganin haka ga matan ƴan cirani da na direbobin manyan motoci. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara, ranar da kika ga ruwan nan, da ranakun da kuka kwana tare. Wata uku ya isa ki ga hoton abin. Amma gaskiya, shekara uku ta yi yawa a ce rashin dace kaɗai ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina

Kin faɗi wata magana a tsakiyar wasiƙarki kamar ba komai ba, alhali ita ce ta fi komai nauyi a wurina: abokiyar zamanki, wadda ta riga ta nuna tana haihuwa, shekara takwas ba ta sake ba. Mata biyu, miji ɗaya, ɗakuna biyu duk shiru. Ruwa ba ya tsami banza. Yana yiwuwa kowace a cikinku tana da matsalarta daban, hakan na faruwa. Sai dai likitan da ya ji labarin nan bai fara da gwada mijin ba, ya tsallake abin da ke gabansa. A cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, kusan rabi akwai hannun namiji a cikin matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar.

Maganar "na taɓa haihuwa" tana gaya mana yadda jikinsa yake shekara tara da suka wuce ne kawai. Namiji ba a haife shi da ajiya kamar mace ba, kullum sabon ƙira yake yi. A cikin ƴaƴan maraina ake ƙera ƙwayoyin maniyyi, kuma kowace ƙwaya tana ɗaukar kamar kwana 70 zuwa 74 kafin ta kammala. Daga nan ta shiga wani siririn bututu da ke nannaɗe a bayan maraina, wanda in an warware shi ya kai mita 6, a nan take koyon iyo. Aikin yana son sanyi, shi ya sa Allah ya rataye maraina a waje, inda zafinsu bai kai na jiki ba da digiri 2 zuwa 3. Duk abin da ya taɓa wannan masana'anta ko ya toshe wannan bututu a cikin shekara takwas ɗin nan zai iya canza lissafi.

Abubuwan da muke gani a nan sanannu ne. Ciwon sanyi na maza, mai fitar da mugunya da zafin fitsari, in an sha ƙwaya biyu a wurin mai talla ya lafa ba tare da ya warke ba, yakan bar tabo ya toshe bututun. Hangum in ya kama namiji bayan balaga yana iya sauka maraina su kumbura, daga baya su motse. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, galibi a hagu, wanda ke ƙara musu zafi, kuma ana iya gyara shi da ƙaramin aiki. Akwai ciwon suga, akwai taba da shisha, akwai tramol da samari da ƴan kabu-kabu da ma magidanta suka mayar abin ƙarin ƙarfi, alhali yana danne homon ɗin namiji. Allurar homon ɗin maza da wasu ke yi don ƙarfi ko don jiki ya murɗe, ita kam tana iya tsayar da ƙirar maniyyi cak. Ko zazzaɓin cizon sauro mai zafi yana rage adadin har na wata biyu zuwa uku, sannan ya dawo.

Abin da ke ruɗar maza shi ne sun haɗa ƙarfin kwanciya da haihuwa, sun mayar da su abu ɗaya. Ruwan da namiji ke gani yana fitarwa, mafi yawansa daga wasu jakunkuna ne da ke kusa da mafitsara. Ƙwayoyin haihuwar ba su kai kashi 5 cikin 100 na ruwan ba. Mutum zai iya zama da cikakken ƙarfi, ruwansa fari mai kauri, a sa a madubin likita a tarar babu ƙwaya ko ɗaya. Ido ba ya ganewa. Wani kuma ruwansa tsararo ne, ga ƴaƴa cike da gida.

Gwajin kuwa shi ne mafi sauƙi a duk binciken haihuwa: ba allura, ba yanka, ba ciwo. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba shi ƴar kwalba mai tsabta daga labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya zuba duka a ciki ba tare da sabulu ko mai ba. In a gida ya yi, ya sa kwalbar a aljihun da ke manne da jikinsa, kada ya bar ta a rana ko a akwatin babur, ya kai cikin awa ɗaya. Nakan ga dattijo ya shigo da hannu cikin aljihun riga, yana waige-waige kada wani ɗan unguwarsu ya gan shi, ya ajiye kwalbar a kan tebur ba tare da ya ɗaga kai ba. Ina girmama irin wannan mutum ƙwarai, don na san abin da ya haɗiye kafin ya zo. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a samu aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowane mililita, miliyan 39 a jimla, kashi 30 cikin 100 suna iyo gaba, kashi 4 masu kyakkyawar siffa. Wanda ya gaza waɗannan ba a ce ba zai haihu ba, damarsa ce ta ragu. Kuma ba ma yanke magana da gwaji ɗaya, sai an sake bayan kamar wata uku, saboda kwana 74 ɗin nan da na faɗa.

Ɓangarenki

Duk da haka ban wanke ki ba tukuna, don ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba. Tunda alamu sun nuna kina fitar da ƙwai, abin da zan so in tabbatar a jikinki shi ne bututun. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe da dama a shekarun 1980 ya nuna toshewar bututu sakamakon ƙwayoyin cuta ta fi yawa ga matan Afirka fiye da na sauran sassan duniya, kuma abin da muke gani a aiki har yau bai saɓa wa wannan ba. Cutar takan hau daga gaba ta ratsa bakin mahaifa ta isa bututu, ta bar tabo. Wata irinta, kilamidiya, sau da yawa ba ta nuna alama ko kaɗan. Mace na zaune lafiya tana yi mata ɓarna a ɓoye. Haihuwa ko ɓari da aka yi cikin rashin tsabta ma suna kawo haka, shi ya sa ita ma uwargida ya kamata a duba ta. Tarin fuka kan iya kama bututun.

Akwai kuma wadda ake mantawa da ita, tsargiya. Wanda ya tashi yana wanka da wanki a Gulbi, ko a tafkin Madarumfa, ko a magudanan noman rani na Jiratawa, zai iya ɗaukar ta. Mun san ta da fitsarin jini ga yara maza, amma ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bakin mahaifa da bututun mace, yana kuma taɓa hanyar maniyyin namiji. Maganinta, firazikwantel, ba shi da tsada. In kin san kin yi wasan ruwa da ƙuruciya ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba.

In aka gano cutar da ake ɗauka ta kwanciya, a gida irin naku mutum uku ne za su sha magani a lokaci ɗaya. In an bar ɗaya, abin zai zagayo ya dawo. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba neman mai laifi ake yi ba, don cutar takan shekara da shekaru a jiki ba a san daga ina ta zo ba. Ba kowane ruwa ko ƙaiƙayi da mata ke kira sanyi ne irin wannan ba, da yawa ba ruwansu da haihuwa.

Ciwon marar da kika ambata, in kaɗan ne a rana ta farko da ta biyu, ba abin damuwa ba ne. In yana kwantar da ke, ko kina jin zafi can ciki lokacin kwanciya, to ki faɗa, don yana iya nuna ƙari a mahaifa ko wata cuta da naman bangon mahaifa ke tsirowa a wajenta.

Maganar gishiri da sauran magunguna

Na san surukarki ba da mugunta take faɗa ba. Abin da ta gada ke nan, jika take so ta gani. Amma abin da wanzami ke yi shi ne ya sa aska ya tsaga bangon gaban mace, galibi ta sama. A bayan wannan bango, ba nisa, mafitsara ce da hanyar fitsari. In askar ta zarce kaɗan, fitsari ya samu ƙofa, mace ta koma yoyo dare da rana. Cibiyar Danja da ke kudu da garin nan tana ɗinkin matan da yoyon fitsari ya kama. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma yankan gishiri ma sananne ne cikin dalilan wannan lalura a ƙasar Hausa. Ga zubar jini, ga sandarewar haƙora, ga ciwon hanta da sida in aska ta bi jikin wani. Kuma duk abin da ke hana ciki, ƙwai ne ko bututu ko mahaifa ko maniyyi, yana can inda aska ba ta kaiwa. Na duba mata da yawa da aka ce suna da gishiri, ban tarar da wani abin yankewa a jikinsu ba. Ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa likita ta hana har sai an gama bincike. Ki ɗora laifin a kaina.

Matsi da turaren tsuguno da kayan da ake cusawa, ki dakatar da su. Suna busar da ruwan nan mai yauƙi, suna ƙona fatar ciki, suna buɗe wa cuta hanya. Jiƙe-jiƙe kuwa matsalarsu ba a san awo ba, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu suna murɗa mahaifa, ta yadda in ƙaramin ciki ya shiga ba ki sani ba za su iya zubar da shi. Haka nan kada wata ƙawa ta rubuta miki sunan ƙwayar tayar da ƙwai ki je farmasi ki saya. Kulomifen magani ne mai amfani ga wadda ba ta fitar da ƙwai, a hannun likita mai bin ta da eko, wato na'urar hoton ciki, kuma ba a wuce kamar zagaye shida. Ga ke mai fitarwa, in bututu ne a toshe ko maniyyi ne ya gaza, ba abin da zai ƙara miki sai haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai. Abin da zan ce ki fara sha tun yanzu shi ne folik asid, mikrogiram 400 kullum, don yana kare jariri daga nakasar ƙashin baya tun makonnin farko, kafin ma mace ta san tana da ciki. A auna jininki kuma, ƙarancinsa ya yi yawa ga matanmu.

Yadda binciken zai tafi, da iyakarsa

Ku fara daga likitar unguwarku a ba ku takarda zuwa wurin likitan mata, a Cibiyar Uwa da Yaro ko ɗaya daga manyan asibitocin garin. Da ni ce, gwajin maigida zan sa a gaba. Ke kuma a duba ki, a yi miki eko a ga mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, a nemi alamun cuta a magance. In ana son tabbatar da fitar ƙwai, ana auna homon ɗin furojesteron kwana bakwai kafin al'ada mai zuwa, wato wajen rana ta 24 a lissafinki, ba ta 21 da aka saba rubutawa ba. Sai hoton bututu, wanda ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoton radiyo na asibiti a ga ko ya wuce. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke kafin rana ta 10 ko makamancin haka. Yana da ɗan ciwo kamar murɗar al'ada, yana da kuɗi, shi ya sa ba na son a fara da shi alhali ba a san halin mijin ba.

Abin da za a tarar shi zai nuna magani. Cuta ana kashe ta, jijiyar maraina ana ɗaure ta, tramol da taba ana bari a ga canji bayan wata uku, bututu ɗaya in a buɗe yake ya isa a samu ciki. Amma akwai inda hannunmu ke gajarta. In bututu biyu duk sun lalace, ko ƙwayoyin maniyyi sun yi ƙaranci matuƙa, ƙwaya da allura ba sa gyarawa. Hanyar da ta rage ita ce a haɗa ƙwai da maniyyi a labo a mayar da tayin cikin mahaifa. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, yanzu ana yi a birane irin su Abuja da Legas, kuma mafi yawan malamai sun halatta in ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, aure kuma yana nan. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Akwai kuma ma'auratan da za a gwada komai a tarar lafiya lau, ilmin likita bai gano dalili ba. Da dama daga cikinsu sukan samu daga baya ba tare da an yi musu komai ba. Haihuwa ta Allah ce, ni ma a kan haka nake, neman magani kuma ba ya rage wa mutum tawakkali. Shekarunki suna tare da ke, don sai bayan 35 ƙwan mace ke raguwa da sauri, amma kada wannan ya sa a sake zama wata shekara uku.

Saura yadda za ki tunkari maigida, wanda na san shi ya fi komai wuya. Kada ki yi maganar gaban mahaifiyarsa, kada ki yi ta ranar da rai ya ɓaci, kada kuma ki kawo zancen uwargida a matsayin hujja, don zai ji kamar kun haɗa kai ne. Ki zaɓi daren girkinki, bayan ya ci ya huta. Ki ce masa likita ta ce ba za ta fara miki magani ba sai ta ga mijinki, kuma gaskiya kika faɗa, don haka nake cewa. Maza da yawa da suka ƙi zuwa a gwada su sukan zo rakiya, in sun zauna kuma muka yi magana da su a keɓe, sukan karɓi kwalbar. Ki tabbatar masa sakamakon sirri ne, ba ya fita daga ɗakin sai da izninsa. In ya cije, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, mai riƙe magana. Ranar da za ku zo ki taho da ɗan littafin kwanakinki, da duk takardun maganin da aka taɓa rubuta miki, da samfurin abin da kike sha ko kike matsawa, ko da ƙullin gari ne marar suna.